Baƙuwar da na ɗora saman jeren Ramatu

Ba zan taɓa mantawa da bikin jikata Ramatu a birnin Lyon, can ƙasar Turawa, ba. Ni fa a Damagaram, in ba hannuna ya yi jeren ɗakin amarya ba, cewa ake ba a yi jere ba. Shi ya sa ɗana ya ɗauko ni a jirgi.

Na shirya kwanuka cikin kabad ɗin gilashi tsaf, amma saman ya zauna fayau kamar kan tsoho. Ran Lahadi na hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ni kaɗai (wa zai koya mini cin kasuwa?) na tafi inda ake baje tsoffin kaya. Nan na gan ta: mace ta tangaran, shuɗin lulluɓi har ƙasa, kai sunkuye don kunya, ga jinjiri a hannu. Mai kayan yana ta cewa, "Itali, madam, Itali!" Na ce wannan 'yar gidan mutunci ce, ga kuma fatan haihuwa. Na ɗora ta can ƙololuwa.

Dangin ango suka iso daga Saint-Denis, gabansu Hajiya Balki, uwar ango, matar malami. Ina cikin nuna musu aikina sai maƙwabciya ta shigo da kek, wata tsohuwa 'yar Italiya, Madam Rozina. Tana ɗaga ido ta ajiye faranti, ta taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu, ta durƙusa tana hawaye.

Na gyara ɗaurin kallabi na ce, "Kun gani? Har Nasara ta durƙusa wa jerena!"

Ramatu ta jawo zanena. "Kaka, siffar Nana Maryama ce da Annabi Isa. A gabanta suke addu'a."

Da ƙasa ta tsage, wallahi da na shige.

Hajiya Balki ta dafa ni ta ce, "Inna, ɗaki muka ce ki jera, ke kuma kika buɗe mana coci?" Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Na sauko da baiwar Allah, na naɗe ta cikin sabon mayafina, na miƙa wa Rozina da hannu biyu. Ramatu ta fassara mini maganar Rozina: wai uwarta na da irinta a garinsu. Tsohuwar ta rungume ni har kallabina ya faɗi.

Da shekara ta zagayo Ramatu ta haihu. Rozina ta ce addu'arta ce, na ce tawa ce, har yau ba mu daidaita ba. Amma tun daga ranar, duk abin da ke da fuska, sai na tambayi asalinsa kafin in ba shi masauki.