Ranar da Na Riga Takarda Isa Wasagu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi gudu daga Zuru har Wasagu ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen unguwarmu ne suka ƙi ba ni haɗin kai. Tun da kullum a hargitse ake ba da labarin, wannan ya ƙara wancan ya rage, gara in ba da shi da kaina, daki-daki, yadda ya faru.

Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa bariki a Zuru ba. Baturen da ke mulkin ƙasar, wanda muke kira Joji, ya nemi mai gudu da takarda, wato mutumin da za a saƙala wa wasiƙa a bakin tsagaggiyar sanda, ya ɗauka da ƙafa ya kai inda aka ce. Aiki ne na jar hula da ɗamara, kuma duk wanda ya samu an ɗauke masa aikin tilas, ba gyaran hanya, ba dakon kayan Bature. Ni kuwa na taɓa ɗaukar akwatin ƙarfe a kai har Kontagora, wuyana ya yi wata guda bai juya ba, na kuma rantse ba zan sake ba. Hular nan nake so, ba da wasa ba.

Babban masinjan bariki ya ce nan da wata uku Joji zai fita rangadi Wasagu. Za a ba mutum biyu takarda ɗaya-ɗaya da asuba, wanda ya fara danƙa tasa a hannun Joji shi ke da aiki. Mai jaki kwana biyu yake yi a hanyar nan, wani lokaci uku. Mu yini ɗaya aka ba mu. Mutum biyun kuwa ni ne da Manga, wani Badakkare mai faɗin ƙirji wanda bai daɗe da gama golmo ba, noman nan na shekaru da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata.

Ni mutum ne mai son tsari. Na yi allo, na kuma iya haɗa baƙaƙen boko kaɗan, saboda haka na raba shirina kashi huɗu, na rubuta da gawayi a bangon zaure: ƙafa, numfashi, ciki, zuciya.

Da ƙafa na fara. Na sari sanda, na tsaga bakinta kamar ta bariki, kullum bayan asuba in saɓa ta a kafaɗa in hau dutsen bayan gari in sauko. Mako na farko sau ɗaya, na biyu sau biyu, haka har na kai ina zuwa Ribah in taɓa bishiyar bakin kasuwa in juyo. Tafin ƙafata ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya koma kamar ƙirgi. Numfashi kuma na ɗaure shi da taku: uku in ja, uku in saki. Ciki na koya masa curin gumba ɗaya da kurɓin ruwa biyu duk lokacin da inuwata ta rage taku guda. (Ciki ya fi ƙafa gardama. Sau biyu ya kai ni cikin dawar mutane, amma wannan wani labari ne.)

Matata Hajo ta zuba mini ido har mako uku, sannan wata rana na shigo ina haki ta ce, "Malam, in wani ne ke koro ka kullum, faɗa mini in ɓoye ka a rumbu."

Na ce, "Shiri nake yi."

Ta ce, "To Allah shi sa ka kama abin."

Manga kuwa ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa ba. Yana gonarsa. In na wuce sai ya dogara da fartanya ya ce, "Malam, yau ma ina za ka?" In ce ba ko'ina. Ya ce, "To. Ni in na yi gudu, wuri nake zuwa." Na riƙa jin tausayinsa, wallahi.

Sai kashi na huɗu, wanda na fi alfahari da shi, kuma shi ya kai ni ya baro. Na lura cewa a doguwar hanya zuciya ce ke fara zama kafin ƙafa. Abu biyu ke tsayar da mai gudu a ƙasarmu. Na ɗaya gaisuwa: kowane ƙauye ina gajiya, ina gida, ina yara, ga ruwa, ga fura, zauna ka huta, kafin ka farga rana ta yi tsaka. Na biyu muryar nan ta cikin kai mai cewa tsaya kaɗan, duba ƙafarka, ƙaya ce. Sai na kafa wa kaina doka: daga fita har isa, ba gaisuwa, ba waiwaye, ido a ƙasa taku uku gabana, kuma duk muryar da ta fito daga baya ta Shaiɗan ce, ko da ta yi kama da ta uwata.

Doka kuma sai da gwaji. Na roƙi maƙwabta su riƙa kirana in na wuce, su faɗi duk abin da suka ga dama. Ba su taɓa yi mini alheri da zuciya ɗaya irin wannan ba. "Malam, akuyarka ta shiga gonar liman!" "Malam, gobara gidanku!" "Malam, wandonka ya tsage!" (Wannan na ƙarshe gaskiya ne, daga baya na gani.) Da farko wuyana kan motsa. Kafin wata biyu ko gezau. Har wata safiya na wuce mahaifin Hajo zaune gindin tsamiya, ya ce mini sannu da himma, na shige kamar kututture ne ya yi magana. Da yamma na je da goro na durƙusa na yi bayani tun daga kashi na ɗaya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji. Allah shi ba ka lahiya." Hajo ta yi kwana uku tana dire mini tuwo ba magana. Ni kuwa a raina murna nake yi: wanda ya iya wuce surukinsa, wa kuma zai tsayar da shi?

Ranar gwaji muka hallara a ƙofar bariki bayan sallar asuba, ga 'yan kallo cike. Babban masinja ya miƙa wa kowa takardarsa a naɗe da jan hatimi. Manga ya cusa tasa a bakin sanda nan take, ya tsuguna yana cin rogo. Ni ina da jerin abin da nake yi kafin fita, kuma ban taɓa tsallake ko ɗaya ba. Na fari shi ne shafa man kaɗe a ƙafa. Na ga bai dace maiƙo ya taɓa takardar Bature ba, sai na ajiye ta a gefen tabarma, na danne ta da ɗan dutse. Na shafa mai. Na goge hannu. Na ɗaure takalmi, dama sannan hagu. Na ja ɗamara. Na rataya gora da jakar gumba. Na saɓa sanda. Na yi bisimilla. Aka busa bigila, na fita kamar kibiya.

Ka lura da jerin nan da kyau. Wata uku ina bin sa, kuma wata ukun nan da sanda marar komai nake gudu. Ba inda takarda ta taɓa shiga cikinsa.

Ban kai ƙofar gari ba na ji ihu ya tashi bayana. "Malam! Malam! Takarda!" Na yi murmushi. Na ce lallai maƙwabtana sun ƙware, yau har da sabuwar dabara. Na ƙara wuta.

Gaskiya ban taɓa gudu mai daɗi irin na safiyar nan ba. Damina ta ja baya, dawa ta yi kai, ƙasa da sanyi. Uku in ja, uku in saki. Na ratsa Ribah da hantsi, mata masu daka suna sannu, ban tanka ba. Wani Bafillace ya kore mini shanunsa daga hanya ya ce a sauka lafiya, ban ko ɗaga masa hannu ba. Bayan Ribah rana ta buɗe, cinyoyina suka fara nauyi, haƙarƙarin dama ya riƙe. A nan na fara jin wata murya can nesa, iska na kawo ta tana mayarwa: "Malaaam! Tsayaaa!" Na ce yawwa, ga ta nan, muryar da na yi wata uku ina jira. Na shiga karanta abin da na sani da ƙarfi har na rufe ta.

Da rana ta karkata na isa wani rafi. Tun a gida na tsara a nan zan yi salla, azahar da la'asar a haɗe, ƙasaru. Na yi alwala, na kafa sandata a gabana kamar yadda matafiyi ke yi, na kabbara. (Ina roƙon mai karatu ya tsaya nan ya yi tunani. Raka'a huɗu na yi, sandar nan tana tsaye gabana taku biyu, bakinta a buɗe. Na gan ta sarai. Yadda na saba ganinta kullum haka take, sai hankalina ya ƙara kwanciya.)

Ina cikin raka'ar ƙarshe na ji haki a bayana, da ƙarar mutum ya zube ƙasa. Manga ne. Daga baya na ji yadda aka yi: babban masinja ya tsinci takardata, ya rasa wanda zai cim mini, ya ba Manga, wanda bai ko gama cin rogonsa ba, ya ce kai masa. Mutumin ya biyo ni tun asuba yana kira har muryarsa ta dishe. Shi ba ya salla, amma ya zauna da Musulmi ya san ba a yi wa mai salla magana, ba a kuma gitta gabansa. Ga sanda yana gani, ba halin ya kai hannu. Da ya so, da ya haye rafin ya tafi abinsa ya ci hula. Sai ya zauna yana jirana.

Na yi sallama dama, na yi hagu, idona ya faɗa kansa. Ya ɗago hannu ya ce, "Malam, don Allah, taka..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na fizge sanda, na faɗa ruwa, na haye, ko addu'a ban shafa ba. Na ce a raina, kai, ashe har abokin takara Shaiɗan ke aikowa.

Sauran hanyar ban san da me na yi ta ba. Ƙafa ta mutu, gumba ta ƙi wucewa, farcen babban yatsa ya fita. Amma zuciya ta riƙe, wannan kam ba mai ƙwace mini. Rana ta yi ja na shiga Wasagu. An kafa wa Joji rumfa, yana zaune kan kujerar tafi-da-gidanka yana shan shayi, ga hakimi da mutanensa, ga dogarai, ga rabin gari. Aka dare mini hanya, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na zube gabansa, na ɗaga sanda da hannu biyu, na ce da sauran numfashina, "Zaki! Daga Zuru, yini ɗaya!"

Joji ya karɓi sandar. Ya duba bakinta. Ya juya ta ya duba gindin. Ya sa ido ɗaya ya leƙa cikin tsagar, har ya ɗan girgiza ta kusa da kunne. Sannan ya ce da Hausarsa ta hanci, "Sanda mai kyau. Ina takarda?"

Ko a nan tsari bai bar ni ba. Na laluba ɗamara. Na laluba jaka, na zazzage gumba gaban hakimi. Na cire hula na duba ciki. Na girgiza gora. Ina cikin cire takalmin dama sai ɗan dutsen nan na gefen tabarma ya faɗo mini a rai, na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Wani dogari ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ranka shi daɗe, ko da baki aka aiko shi?"

Sai ga Manga yana ɗingishi, ba murya, takarda ɗaya a sanda ɗaya a hannu. Bai je wurin Joji ba. Ni ya fara nufa, ya miƙo mini tawa, ya ce da raɗa, "Malam, ka yi mantuwa."

Dariyar da aka yi, har hakimi sai da ya rufe baki da rawani. Joji ya sa tafinta ya tambayi komai, ya ji labarin rafi, ya dubi Manga, ya dube ni. Ya ce lallai na fi gudu, bai taɓa ganin irina ba, amma shi wasiƙa yake jira. A wurin aka sa wa Manga jar hula.

Kwana uku na yi a hanyar komawa, ina tsayawa kowane ƙauye ina biyan gaisuwar da na hana su, kuma ko'ina labarin ya riga ni. Da rani ya shigo aka zo neman 'yan dako, babban masinja ya nuna ni ya ce, "Ga mai ƙarfin zuciya nan, ku ba shi wanda ya fi nauyi. Amma ku ɗora masa da hannunku."

Manga ya yi shekaru yana aikin, mun kuma zama aminai. Har ya tsufa, in ya hango ni a kasuwa daga baya ba ya kira. Sai ya zagayo ya tsaya a gabana tukun, sannan ya ce ina kwana.

Abin da na koya biyu ne, zan faɗe su bi da bi. Na ɗaya, in za ka koyi aiki, koye shi da kayan aikin a hannunka. Na biyu, ƙarfin zuciya abu ne mai kyau, ina nan a kan bakana. Amma in mutum ya bi ka tun asuba har la'asar yana kiran sunanka, ka waiwaya. Mai yiwuwa yana da magana.