Harshen Rago da Dokar Amurka

A layinmu na Funtuwa akwai wani Sabitu da muke kira Sabitu Amurka, saboda ya yi 'yan shekaru a can yana tuƙa motar haya. Da ya dawo mun zaci gida zai gina ko ya buɗe shago. Ashe abin da ya ƙullo mana bai wuce hular sanyi ba, sai kuma son wata ƙwallo ta mutanen can, wadda ba ta yi kama da ƙwallo ba, ta fi kama da gwanda. Ƙarti ne ke yin ta, kowa da hular kwano da kafaɗu kamar an cusa masa filo a riga. Su sunkuya, su yi karo, su zube a kan juna, alƙalin wasa ya hura usur, a tafi talla. Na taɓa kallo a wayarsa, har aka tashi ban ga inda ƙwallon take ba.

Kulob ɗin garin da ya zauna yake goyon baya, kuma tun da ya dawo ban taɓa jin sun ci abin kirki ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk ranar da aka lallasa su sai ya iso majalisa yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. Wai a dokar can, kulob ɗin da ya zo na ƙarshe ba a korar sa. Shi ake ba damar fara zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa, wanda ya ɗauki kofi kuwa sai kowa ya gama ya kwashi ragowa. Don haka kullum maganarsa ɗaya ce: "Ku bari kawai, baɗi mu ne da zaɓin farko." Da haka muka raɗa wa kulob ɗin nasa suna 'Yan Baɗi.

Abokin musunsa Lawwali ne mai gyaran waya. Garin gyara wayar Sabitu ya kamu da ciwon, amma da yake ba ya son wahala sai ya bi kulob ɗin da ke ɗaukar kofi. Su biyu kaɗai suka san wasan a duk layin, kuma sun ishe mu.

"Wannan ba doka ba ce, zalunci ne," in ji Lawwali wata ranar. "Mutum ya yi gumi ya zo na ɗaya, a ce malalaci ne zai fara zaɓe?"

Sabitu ya ce, "Kai ba ka san adalci ba. So kake mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi har abada? Shi mai jefa muku ƙwallon da kake taƙama da shi, ai lokacin da kuke ƙarshe kuka samo shi."

"Mu sau ɗaya muka yi ƙarshe muka tuba. Ku kuwa kun mayar da shi sana'a. Ba kai na ji kana addu'ar a ci ku ba?"

"Dabara ce. Wanda ya ja da baya ba tsoro ba ne, ka tambayi rago."

To ragon ne ma ya jawo abin da ya faru. Muna da al'ada a layin: washegarin babbar Sallah, dattijonmu Baba Inusa yakan fito da farfesun kan ragonsa ƙofar gida bayan azahar, mu taru mu ci. Harshen na wanda ya riga kowa zama ya wanke hannu ne. Matar Baba ta iya harshen nan, narkewa yake a baki, kuma shekara guda ake jira kafin a sake ganin sa. Baba ba ya taɓa shi, yakan ce na yara ne. Sabitu kuwa bai taɓa ɗanɗana shi ba, domin mutum ne da ko ɗaurin aurensa sai da aka jira shi. Abin yana ci masa rai, kuma bai ɓoye ba.

Ana saura kwana kaɗan Sallah ya kawo ƙudiri a majalisa, wai a bi tsarin Amurka a farfesun bana: wanda ya zo ƙarshe shi ke da zaɓin farko. Lawwali ya tashi tsaye yana rantsuwa cewa an kawo mana lalaci har cikin kwano. Sauran kuwa, waɗanda ba su taɓa riga kowa zuwa ba, suka ga ai ci gaba ne. Ni ma na ɗaga hannu, don ina ganin makara ba ta fi ƙarfina ba. Aka juya wajen Baba Inusa, wanda ke kishingiɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Dokar Amurka kuke so?"

Muka ce ita.

"Yadda take, ba ragi ba ƙari?"

Sabitu ya ce, "Yadda take, Baba."

"To Allah ya kai mu."

Ranar ta zo, aka sallame azahar, sai layin nan ya zama kamar an sa dokar hana fita. Da ma kowa ya zaɓi maɓoyarsa. Ni na laɓe bayan tulin bulo a wani kango, inda nake hango tabarmar Baba ta wata kafa. Wani ya tsaya a masallaci yana ta jero nafila, mutumin da ko farilla sai an yi da gaske. Wani ya shiga shagon aski ya ce a sake aske masa kan da aka aske jajiberin Sallah. Lawwali, mai cewa doka zalunci ce, shi ya fi kowa ƙwarewa: ya shige shagonsa ya sa aka kulle shi ta waje da kwaɗo. Sabitu kuma ya kwanta a kujerar baya ta wata matacciyar mota da ke bakin layi, cikin ranar nan, gilasai a rufe.

Aka fito da kwanon farfesu, ƙamshi ya cika layi, ba wanda ya motsa. Sai waya ta fara aiki. Lawwali ya kira ni yana raɗa, wai ina nake. Na ce ina hanyar Bakori. Ya ce shi ma yana Zariya. Alhali ina jin tarinsa ta bangon shago. Na kira Sabitu na ce masa kowa ya hallara, shi kaɗai ake jira. Ya ce in ji tsoron Allah, yana hango ƙafata.

Haka muka yi ta gasuwa, cinnaka na cizo na, yunwa na cizo na. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na yarda da haka a wannan ranar. Ta kafar bulon na ga Baba Inusa ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya jawo buta ya wanke hannu, ya buɗe kwano. Na ce a raina romo zai ɗan kurɓa. Sai na ga ya ciro harshen nan ɗungurungum. Zuciyata ta yi zafi, amma na ce in na fito yanzu na zama na biyu, ba harshe ba kuma zaɓi. Kowa ma lissafin da ya yi ke nan, shi ya sa muka zuba ido tsoho ya bi kunne, ya bi kumatu, ya fasa ƙwaƙwalwa, a tsanake kamar mai karatu.

Sai da aka kira la'asar dole ta fito da mu. Aka buɗe wa Lawwali shago, mai aski ya sako nasa da kai yana ƙyalli. Sabitu bai fito ba sai da ya tabbatar kowa ya zauna, sannan ya tako a hankali, jiƙe sharkaf da gumi, yana murmushin nasara. Ya wanke hannu, ya nannaɗe hannun riga, ya leƙa kwano. Ƙashin muƙamuƙi ne a ciki da haƙoransa, sai ɗan romo a gefe.

Ya ce, "Baba, an karya doka. Kai ka fara zuwa, ni na zo ƙarshe."

Baba yana sakace ya ce, "Ba a karya ba. A wasan naku, wanda ya zo na ɗaya yaushe ake ba shi kofi?"

"Nan take."

"Na ƙarshen fa, yaushe yake nasa zaɓen?"

Lawwali ne ya amsa masa da murna, ya ce sai shekara ta zagayo.

Baba ya tura wa Sabitu kwanon ƙashi gabansa, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To kwantar da hankalinka, ɗana. Baɗi kai ne da zaɓin farko."