Sallar La'asar a Gindin Gicciye

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da na so. Tom, wani Bature abokin aikina a asibiti, ya gayyace ni bikinsa a wani tsohon ƙauye da Landan ta haɗiye. Muna cikin coci na ga lokacin salla zai kuɓuce, sai na sulale waje.

A tsakiyar ciyawa na hango wani dogon dutse tsaye kan matakala, samansa a gutsure. Na duba alƙibla a waya, ta faɗo daidai kansa. Na ce madalla, ga sutura, ba mai gifta mini (har ina yaba wa kaina riƙo da sunna a ƙasar Turawa). Na shimfiɗa kwat ɗina na kabbarta.

Ina sallamewa na ga amarya da ango da duk 'yan biki sun kewaye ni tsit, wata tsohuwa har da hawaye. Ashe dutsen nan gicciye ne mai ɗaruruwan shekaru, hannayensa ne suka karye tun zamanin kakanni! A al'adar ƙauyen, amarya na fitowa daga coci sai ta ajiye furenta a gindinsa. Tsohuwar ta riƙe hannuna, wai rabon da ta ga an durƙusa wa gicciyen nan tun tana yarinya.

Mai hoto kuwa bai yi sanya ba. Kafin magariba hoton ya shiga group ɗin asibiti, inda yayan Hafsa yake, wadda saura wata guda a ɗaura mana aure. Mahaifinta shi ke limanci a Dagenham.

Washegari mahaifin nata ya aiko in zo. Na zauna a ƙasa, ya juyo mini waya.

"Likita, kai ne wannan?"

"Ni ne, Baba, amma wallahi ban san..."

Ya ɗaga mini hannu, ya ci gaba da ƙura wa hoton ido. A zuciyata na riga na yi bankwana da Hafsa.

"Dutsen bai dame ni ba, na san ba shi ka nufa ba," in ji shi. "Amma wa ya koya maka sujada da gwiwar hannu shimfiɗe a ƙasa? Ranar Asabar ka zo, za mu fara daga alwala."

An dai ɗaura auren, bayan na zauna Asabar huɗu a gabansa. Yanzu ko turken fitilar titi ne, sai na tambayi tarihinsa kafin in kabbarta, gwiwar hannuna kuma a sama.