Rasuwar Mai Haɗa Ƙashi da Tsoka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cinya mai tabon ƙuna, nake sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar kwamfutata ta cinya, wadda ta cika ranar Litinin a kan teburin ɗakina, tsakanin kofin shayi da maficin da nake yi mata fifita.

Marigayiya ta zo hannuna tana da shekaru, bayan yayana ya gama cin ƙuruciyarta da kallon ƙwallo. Ranar da na kai ta gaban Farfesa mai duba aikin digirina na biyu, ya leƙo ta saman tabarau, ya ce ko in canza na'ura ko in canza bincike. Ban canza ko ɗaya ba. Taurin kai gadon gidanmu ne.

Aikinmu shi ne wannan: hoton CT yana nuna ƙashi sarai, na MRI yana nuna tsoka, amma majiyyaci ba ya kwanciya iri ɗaya sau biyu. Na ɗauki alkawarin koya wa marigayiya ta ɗora ɗaya a kan ɗaya daidai, don likita ya san ainihin inda ƙari yake kafin ya ɗauki wuƙa. A farkon karatunta ta sha ajiye hanta a cikin huhu. Akwai ranar da ta sa wa wani bawan Allah ido a kunne, ni kuwa na tafa mata, don a zatona ci gaba ne.

Ta kasance mai haƙuri, ba ta taɓa kai ƙarata ba. Iyakar maganarta "fuuuuu", idan abin ya yi tsanani ta ƙara da "ƙirrr, ƙit". Ta yi rayuwarta tana daidaita hotunan mutane, alhali murfinta bai taɓa daidaita da gangar jikinta ba. Da littafin lissafi nake tokare shi.

Ciwon ajalinta zazzaɓi ne. Na ɗora ta a kan murafan kwalba don ta sha iska, na yi ta fifita har mahaifiyata ta ce ko ita da ta haife ni ba ta taɓa samun wannan gata ba. Saura kwanaki in kare aikina gaban malamai, ta shiga zagayen ƙarshe tana nishi. Ta tura sakamakon cikin filashi, ta yi "ƙit" guda, fuskarta ta yi baƙi.

Na buɗe filashin a kwamfutar maƙwabciya. Ƙashi ya zauna a kan ƙashi. Hanta ta koma gidanta.

Ta bar caja mai naɗin salatif, da linzamin kwamfuta mai ido ɗaya, da maballin da ya ɓata tun bara, da kuma ni, marainiya mai digiri saura ƙiris.

Mai gyara na bakin titi ya nemi a ba shi sassan jikinta don masu buƙata. Iyali sun amince, amma sai bayan Alhamis. Ranar Alhamis ɗin za a ɗauki gawa daga gida da safe, a shimfiɗe ta a kan tebur a ɗakin kare bincike, daidai saitin tabarau ɗin Farfesa. Waɗanda suka ce ba za mu kai ba, an tanadar muku kujerun gaba. Za a karɓi gaisuwa bayan tambayoyi. Mai son kawo fure ya haƙura, ya kawo kwamfuta.