Harshen Lasau da Dutsen Batir

"Ni da kuke gani," in ji Lasau, yana dukan ƙirji da bayan tocila, "duk duniyar nan ba a ƙera mitar da ta kai harshena ba. Kawo batir ko wane iri ne, in lasa sau ɗaya, in gaya maka ƙarfinsa da shekarunsa, har da halin wanda ya sayo shi."

Aboki, riƙe dariyarka tukuna, za ka buƙace ta a gaba.

Lasau mai gyaran rediyo ne da tocila. Shagonsa bai fi faɗin tabarma ɗaya ba, amma allon da ke samansa ya fi ƙofar girma, an rubuta INJINIYA da jan fenti. Mitarsa ta gwada batir ta mutu shekara tara da suka wuce. Maimakon ya sayi wata, sai ya ɗora harshe a kan aikin: in batir ya ɗan tsikare shi yana da rai, in ya ji lami ya mutu. Daga nan unguwa ta raɗa masa Lasau, kuma ban da allon nan babu mai kiransa Injiniya.

Wannan bai dame shi ba kamar maganar surukinsa. Tsohon magini ne, mai ƙarancin magana, wanda shekara goma sha takwas ke nan bai taɓa kiran mijin 'yarsa da komai ba sai "Mai Lasa". A gaban baƙi ma haka. Abin yana cin Lasau a rai ƙwarai. Burinsa ɗaya a duniya shi ne tsohon nan ya buɗe baki ya ce masa Injiniya, ko sau ɗaya ne, kafin ɗayansu ya mutu.

To, Lasau masanin siyasar duniya ne kuma, a faɗarsa. Matsalar ita ce duk labaransa daga rediyon da ake kawo masa gyara yake jin su, kuma rediyo mai lafiya ba ya zuwa shagon gyara. Bai taɓa jin labari ya kai ƙarshe ba. Ran nan wani tsohon rediyo ya yi tari a kan teburinsa ya ce manyan ƙasashen Gabas da na Yamma suna neman cinye juna a kan wani farin dutse da ake yin batir da shi, wai litiyam, kuma masu zuba jari sun rabu biyu a kan rikicin wata mahaƙa saboda... sai rediyon ya yi ƙiii ya mutu. Lasau ya ƙarasa sauran da kansa.

Kwana biyu bayan haka ya je gidan surukin ɗaura wayar eriya. Ya zagaya bayan ɗakin kaji, sai ga wani ɗan tudu jikin katangar maƙwabci, fari fat, ya yi ɓawo. Hannu ya riga tunani. Ya ɓantari ɗan guntu, ya kai baki kamar yadda ya saba.

Zuuu! Harshe ya ɗauki raɗaɗi har cikin kunne.

"La ilaha!" Ya sake lasa, ya kuma ƙara. "Wannan ai ya fi sabon batir caji!"

Da gudu ya isa gida, takalmi ɗaya a hannu. Matarsa tana shanya, ya ja ta gefe yana raɗa.

"Ke, mun haye! Dutsen batir ne a gidanku, bayan ɗakin kaji."

"Wane dutse, Maigida? Farin tudun nan? Ai wannan shi ne..."

"Shhh! Kina so 'yan leƙen asirin Gabas su ji?"

"Don Allah tsaya ka ji, wurin nan fa..."

"Ke da ko tashar rediyo ba ki iya kamawa, za ki koya mini ma'adinai? Na lasa fa. Sau uku!"

Ta dube shi, ta dubi bakinsa, ta ce, "Sau uku?" Tun daga ranar ta ware masa kofinsa da cokalinsa daban, ta sa musu alama da zare. Lasau ya ji daɗi har ransa. Ya ce ai ga shi nan, tun kafin arziki ya iso an fara sanin matsayinsa a gida.

Washegari ya durƙusa gaban surukin ya zayyana komai. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mai Lasa, tudun nan..."

"Baba, na san abin da za ka ce, gado ne. Kada ka damu, kasonka na nan."

Tsoho ya ce, "To." Ya sa aka kai masa kujerarsa bayan ɗakin kaji, ƙarƙashin inuwa, inda zai ga komai da kyau.

Ranar Asabar aka kafa Ƙungiyar Masu Zuba Jari a Dutsen Batir, a cikin shagon Lasau, rabin 'yan ƙungiyar a waje don ba wuri. Akwai Mahauci, akwai Tela, akwai Direba, da wasu mutum shida da suka zo karɓar rediyonsu aka rutsa da su. Lasau ya kafa doka: ba wanda zai shiga sai ya lasa dutsen da kansa, don kada gobe wani ya ce an yaudare shi. Aka miƙa guntu hannu zuwa hannu.

"Kai! Yana cizo," in ji Direba.

"Akwai ɗan wari-wari," in ji Tela, yana yatsina fuska.

"Warin arziki ke nan, ba ka saba ba ne," in ji Lasau. "Sake lasa."

Tela ya sake.

Daga nan aka shiga babbar muhawara: wa za a sayar wa, Gabas ko Yamma? Mahauci ya ce Gabas, don ya ji su ba sa ciniki, ɗauka suke yi su loda. Tela ya ce Yamma, don duk mutumin da kwat ɗinsa ke zama daidai kafaɗa ba zai cuce ka ba. Mahauci ya ce da ganin Tela ka ga ɗan koren Turawa. Tela ya ce gara shi da mai warin kitse, kuma daga yau ya sa wa Mahauci takunkumi, ba ɗinki ba faci. Mahauci ya ce shi ma ya rufe iyaka, ko ƙashi Tela ba zai ƙara gani ba. Direba ya ayyana kansa ɗan ba-ruwanmu, yana kai saƙo tsakaninsu yana shan shayin kowa.

Lasau ya hau kan benci. "Ku yara ne a harkar nan! Ba a zaɓar ɓangare. Haɗa su ake yi su yi ta kokawa, farashi na hawa, kai kana fifita. Ku bar mini su. Wallahi sai na sa Gabas ta durƙusa, Yamma ta riƙe mini takalmi."

Aka kewaye tudu da tsohon kwano, aka kafa tuta da ƙyallen Tela. Hayaniyar ce ta fito da Kafinta, maƙwabcin da katangarsa ta ratsa gefen tudun. Da ya ji abin da ake ciki sai ya koma ya dawo da tef ɗin awo, ya auna, ya ce taku biyu da rabi na tudun a filinsa suke.

"Tun zamanin kakana wurin nan namu ne!"

"Ƙarya kake, ɗan mamaya!" in ji Lasau. "Shekara nawa kana nan ba ka lasa ba?"

Kafinta ya tsallako, ya ɓantari nasa, ya lasa a gaban shaidu don kafa hujja. Ya ƙara da cewa zai kai ƙara har kotun duniya. Mako guda ana rikicin iyaka: da safe Lasau ya matsar da kwano taku ɗaya, da rana Kafinta ya dawo da shi taku biyu. Kajin gidan suka daina ƙwai.

Matar Lasau ta je ta sami mahaifinta a kujerarsa. "Baba, don girman Allah ka gaya masa. Ni ya hana ni magana."

"Na fara, 'yar nan. Ya ce kasona na nan. To, ina jiran kasona."

A cikin gari akwai ofisoshi biyu masu sayen duwatsu, ɗaya na kamfanin Gabas, ɗaya na Yamma. Lasau ya rubuta wa kowanne wasiƙa, ya sa hannu da sunan Injiniya. Ya gaya wa Gabas cewa Yamma ta riga ta yi tayi, ya gaya wa Yamma cewa Gabas tana bakin ƙofa da manyan motoci. Ya sa wa Gabas ƙarfe goma, Yamma goma da kwata, don su yi kiciɓis a gaban tudu hankalinsu ya tashi.

Ranar Laraba unguwa ta cika bayan ɗakin kaji. Lasau ya sha kwat ɗin aro, hannun ya wuce yatsunsa. An jera kujeru biyu nesa da juna don kada manyan ƙasashe su kaure. Shi kuwa idonsa na kan surukin. Yau ce ranar, yau tsohon nan zai faɗi kalmar.

Goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Wajen sha biyu sai ga wani siririn mutum a kan babur mai hayaƙi, da 'yar guduma a ƙugu da jaka a baya.

"Ina Injiniya?"

Lasau ya kusa faɗuwa don daɗi. Ya waiwaya ya ga ko surukin ya ji. "Ga ni. Daga Gabas kake ko daga Yamma?"

Mutumin ya zaro huluna biyu daga jaka, ja da shuɗiya. "Duka. Ni nake ɗauko musu samfur. Ofisoshin a bene ɗaya suke, sun ga wasiƙunka tare suna shan shayi, suka ce in zo sau ɗaya, mai ya yi tsada. Wacce kake so in sa?"

Mahauci ya dubi Tela, Tela ya dubi ƙasa.

"Dabara ce," Lasau ya raɗa musu. "Tsoro ne ya sa suka haɗe kai."

Mai samfur ya tsuguna ya dubi tudun. "Da me kuka gwada?"

"Da wannan!" Lasau ya zaro harshe, wanda zuwa yanzu ya yi ja ya kumbura. Don baƙo ya gani da idonsa, ya ɓantari babban guntu ya lashe shi tun daga ƙasa har sama, a hankali, yana lumshe ido. "Caji tsantsa!"

Mutumin ya ɗaga guduma ya buga sau ɗaya, ɓawo ya tsage. Ya buga na biyu, wani faffaɗan yanki ya rufta ciki, aka ji ya faɗa can ƙasa, tim. Sai ga baƙin rami. Abin da ya taso daga ramin nan, aboki, ba zan kwatanta maka ba, don wataƙila kana cin abinci. Kaji dai sun tsallake katanga.

Mai samfur ya toshe hanci da hulunan biyu. "Malam, wannan farar ƙasa ce da toka. Su ne ke cin harshe. Tsohuwar salga ce, wato masai, aka rufe."

Sai Tela ya fara kakari. Direba ya ruga wajen randa, Mahauci ya riga shi, suka hau kokawar moɗa. Kafinta ya zaro tef ɗinsa ya sake awo, ya ce kuskure ya yi, ko taku ɗaya ba ya cikin filinsa, hasali ma katangar ce ta karkace.

"Ka ce tun zamanin kakanka naku ne!" in ji Lasau da muryar kuka.

"Kakana bai taɓa zuwa unguwar nan ba!"

Mai samfur ya hau babur. Kafin ya tayar ya ce Gabas ta janye. Ya sauya hula ya ce Yamma ma haka.

Lasau ya tsaya shi kaɗai a bakin rami, guntun dutse a hannu, harshe a waje don ya kasa mayar da shi. Matarsa ta zo ta miƙa masa ruwa a kofinsa mai zare. Sai yanzu ya dubi zaren nan da kyau, ya dube ta, ta kawar da kai.

Kujera ta yi ƙara. Tsoho ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya tako a hankali har gabansa. Kowa ya daina kurkure baki ya juyo.

"Injiniya," in ji tsoho.

Wallahi duk da halin da ake ciki, sai da zuciyar Lasau ta yi tsalle. Shekara goma sha takwas! Ya durƙusa. "Na'am, Baba."

"Da hannuna na haƙa ramin nan, da hannuna na rufe shi da buhu shida na farar ƙasa. Mu goma sha huɗu ne a gidan nan, shekara ashirin muna zuwa wurin nan safe da yamma, ban da baƙi. Babu wanda ya taɓa tunanin akwai abin da za a ɗanɗana a ciki sai kai." Ya dafa kafaɗarsa. "Kason nan nawa da ka ce yana nan, na bar maka. Lashe duka."