Nomau da Wayar Marigayi

Gidanmu mutum biyu ne da awaki uku: ni Tabawa mai man gyaɗa, da ƙanin mijina Nomau. Shekararsa arba'in da ɗoriya, ga ƙarfi kamar sa, ga zuciya fara tas, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Yayansa Shekarau, mai gidana, Allah ya jiƙansa, abu biyu ya bar mini: Nomau, da wata tsohuwar waya mai madannai da aka ɗaure bayanta da roba. A cikinta akwai muryar marigayin. Ya taɓa danna wani abu bai sani ba, ta ɗauke shi yana mita a kan miya: "Tabawa, wai gishiri ne ya yi tsada, ko ni ne na yi araha?" Kullum da safe sai na kunna na ji shi, sannan in hura wuta.

Wata rana na aiki Nomau ya kai ta caji shagon Sallau. Na ce, "Kada ka sake ta daga hannunka, ka ji ko?" Ya ce, "Na ji, Yaya." Sallau ya miƙo hannu, Nomau ya hana. Aka ja, aka ja, dole Sallau ya jona mata wuta tana hannunsa. Haka ya tsaya a tsakiyar shago kamar turke, masu shiga suna kewaye shi. Da aka kira azahar Sallau ya rasa yadda zai yi, ya kulle shagon da shi a ciki. Da la'asar ya dawo mini yana washe baki. "Yaya, ta cika. Ni ma na ji ɗumin a hannuna, ina jin na ɗan samu."

Wata rana kuma ina jiran kiran Hajiya Yalwa, dillaliyar da ke kwasar man da nake yi. A garinmu waya ba ta kamawa sai a kan dutsen bayan gari. Na ce, "Hau da ita, kada ka sauko sai Hajiya ta kira." Ashe Hajiya ta fasa kira, ta taho da ƙafarta. Muka gama ciniki, muka je gindin dutse muna ɗaga masa hannu. Ya leƙo ya ce, "Ba ta kira ba!" Na ce, "Ga ta nan, kai!" Ya ce, "Na gan ta, amma ba ta kira ba." A ƙasa babu sabis. Hajiya, mace mai jiki, ta tattare zani ta hau tana haki tana tsine wa gyaɗa. Ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi ta buga. Ya ɗauka ya ce, "Salamu alaikum, wa ke magana?"

Wata rana zan tafi gaisuwa, na bar masa ita ya hau dutse ya jira kira. Na ce, "Masu tayin mai za su kira. Duk abin da suka faɗa, ka ce bai yi ba, a ƙara." Sai ga kiran surukina, mijin 'yata Larai, daga Funtuwa. "Albishirinku, Larai ta sauka, an samu namiji!" Nomau ya ce, "Bai yi ba, a ƙara." Mutumin ya ce, "Lafiyayye ne fa, ƙato!" Nomau ya ce, "A ƙara dai." Har ranar suna dangin miji suna yi mini kallon hadarin kaka.

To, tun ranar dutse Hajiya Yalwa ta sa ni a gaba. Ta zaro tata mai fuskar gilashi, faɗinta kamar faranti, ta ce, "Tabawa, wannan ƙwaryar taki ai ko jikana ba zai yi wasa da ita ba." Gari kuma ya ɗauka da musu: wasu su ce 'yar Caina ta fi riƙe caji, wasu su ce 'yar Turai ko ta tsufa ta fi, Sallau ya ce duk ɗaki ɗaya ake ƙera su, suna kawai ake sauyawa. Ni dai maganar ƙwarya ce ta tsaya mini a wuya.

Wata rana, ranar kasuwa, sai ga wani ɗan birni da tabarau da lasifika, wai shi Injiniya. "Kawo tsohuwa, karɓi sabuwa, daga kamfani kai tsaye!" Na tambaye shi muryar mai gidana. Ya ce kwana uku za ta biyo iska ta shiga sabuwar da kanta. Ya nemi cikon jarkar mai biyu. Na murza shi, na murza shi, har ya sauko kwalba ɗaya yana share gumi. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, na ci birni. Ƙuli yana kan wuta, sai na ba Nomau wayar da kwalbar. Na ce, "Ka san ni, ban taɓa karɓar buhun gyaɗa ban zura hannu har gindinsa ba. Kada ka ba shi tawa sai ka ga cikin tasa." Kwali nake nufi.

Sauran labarin Sallau ne ya ba ni. Nomau ya yage leda, ya buɗe kwali, ga waya tana sheƙi. Injiniya ya ce, "Ka gani? Miƙo." Nomau ya ce, "Bayanta na gani. Cikinta aka ce." Ya zaro wuƙar yankan ciyawa. Injiniya ya yi kururuwa, "Kai, mahaukaci, ba a buɗewa!" Ƙwas! Ta rabe biyu. Babu komai a ciki sai gutsuren tayil na daɓen ɗaki da aka liƙe da danƙo don ta yi nauyi. Nomau ya ɗaga ya ce, "Jama'a, ta ina Yaya Shekarau zai zauna a nan?" Kasuwa ta ɓarke. Mata suka yi kan buhun tsofaffin wayoyin da ya karɓa, kowa na neman tata, har da Hajiya Yalwa, ashe ita ma ta ba da farantin nata. Injiniya ya bar takalmi da lasifika.

Nomau ya shigo kansa a ƙasa, wayata a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. "Yaya, ki yi haƙuri. Guda ɗaya kawai na duba ya gudu." Na cika masa kwano da ƙuli mai zafi, na zauna na danna.

"Tabawa, wai gishiri ne ya yi tsada, ko ni ne na yi araha?"

Na ce, "Araha ina, Malam? Yau an taya ka da mai gilashi, ƙaninka ya ce bai yi ba."

Nomau ya ɗago da ƙuli cike da baki. "A ƙara dai."