Ni na nuna wa fatalwa hanya

Tsorona ɗaya da mijin maƙwabciyata Kulu ya kawo kaset ɗin fim na fatalwa daga Ƙaura: kada in firgita nonona ya ɗauke. Da aka kunna, mata suka hau kushe.

"Wagga fatalwa da silifa?" in ji Kulu.

Ni ma na ce garin rogo ne a fuskarta, ba ta tsorata kowa.

Sai fatalwar ta tsaya neman wanda ya kashe ta. Na ce, "Shina bayan rumbu." Ta juya can, ta shaƙe shi.

Washegari na tambayi malam ko na ɗauki alhakin rai. Ya ce a sake kunnawa, in kama bakina. Na yi shiru, ta sake samunsa.

Kulu ta ce, "Ai tun jiya kin gwada mata."

Don Allah, in kun ji ana kiran Jagorar Fatalwa a Shinkafi, kada ku waiwaya.